Gonar da Kunya Ta Hana Rabawa

Lokacin da garin Suleja yake amsa sunan Abuja, gona ba abar faɗa ba ce, domin tun da Abu Ja ya kafa garin a 1828 daji ya fi manoma yawa. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birnin ƙasa. Aka ɗauki sunan garin aka ba birnin, shi kuwa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Da Gwamnatin Tarayya ta tare a 1991, ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu suka kwararo Suleja da Madalla. Gonar dawa ta zama fulotai, gadon da aka manta da shi ya zama dukiya.

Akwai wata dattijuwa a garin da wannan canji ya riska. Mahaifinta ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da ita, da gona a hanyar Madalla. Lissafin ba shi da wuya: a kasa takwas, matar ta ɗauki tumuninta, watau kashi ɗaya, kowane namiji biyu, ita ɗaya. Amma da aka yi sadakar arba'in, babban wansu ya ce a bar gonar a haɗe, kada a ce sun ƙosa uban ya mutu. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, duk yadda ka yi daidai ne." Kowace kaka yakan aika mata da damin dawa, zumunci ya tafi lafiya.

Wan ya rasu, wani ƙanensa ya bi shi. Magada biyar suka zama fiye da ashirin, gado ya hau kan gado. Can sai Gwaggo, kamar yadda 'ya'yan wan suke kiranta, ta ji an fara yanka fulotai. Da ta yi magana, aka nuna mata takardar shaidar mallaka da sunan wanta shi kaɗai, irin wadda ake bayarwa bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Yaran da ta goya su ne ta tsaya da su gaban alƙali.

Shari'a ba ta rufe mata ƙofa ba. Takarda ba ta shafe haƙƙin wanda ya riga ta. Hauzi kuma, watau daɗewar abu a hannun mutum ba tare da an yi masa jayayya ba, shekara goma ne tsakanin bare a mazhabar Malikiyya, amma tsakanin dangi sai wajen arba'in, saboda malamai sun san ɗan'uwa yakan yi shiru don kara. Sai dai fa alƙali da shaidu yake aiki. Dattawan da suka san asalin gonar sun kwanta dama, ɗorawar da take kan iyaka an sare ta. In an ɗaukaka ƙara zuwa Minna, a yi ta gardama ko maganar gado ce ko ta mallakar fili, domin kowace da kotun da take da hurumi a kanta. Fuloti biyu sun tafi a kuɗin lauya, an daina gaisawa ko a wurin jana'iza.

Wan bai yi nufin zalunci ba, ita ma ba kwaɗayi ya kai ta kotu ba. Kunya ce ta rana ɗaya ta haifi gabar shekaru. Da an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyya, an auna gonar gaban shaidu an rubuta, da wanda ya so ya bar wa wansa rabonsa ya noma, ya bari da sanin kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya kyauta.