Miliyan Ba Ta Rabuwa Uku

A ƙasar Zamfara, daga Anka har Gummi da Bukkuyum, miliyan ta daina firgita kunne. Ana kiran ta a kara wajen cinikin bijimai, ana kiran ta a Bagega idan masu haƙo suka ɗora zinari a sikeli. Tun da takardar dubu ta fito a 2005 kowa ya san kamannin miliyan: bandir goma, kowane da takarda ɗari.

Sai dai a lura da abin da ke faruwa in mutum uku ne suka yi tarayya. Kowa ya ja takarda 333, ɗaya ta yi saura a kan tabarma. A canzo ta, kowa ya karɓi naira 330, goma ta sake yin saura. Daga nan akan haƙura, mai shayi ko almajiri ya ci rabonsa.

Ba laifin mai ƙirga ba ne. In ka warware miliyan, biyu da biyar kawai za ka tarar a cikinta: biyu guda shida da biyar guda shida, an ninka su da juna. Babu uku, babu bakwai. Shi ya sa lambobi 49 kacal ke raba ta ba saura. Kyau kam tana da shi, dubu ce sau dubu, kuma ɗari ce sau ɗari sau ɗari, amma wajen rabo marowaciya ce.

Malaman rabon gado sun fi kowa sanin halinta. Sumunin matar mamaci yakan fita cif, 125,000. Rubu'i ma haka. Da an zo kan sulusi ko sudusin uwa sai lissafi ya cije, don haka suke fara kafa mas'ala a kan shida, ko sha biyu, ko ashirin da huɗu, kafin su taɓa kuɗin.

Ga wata lamba da ba wanda zai yi taƙama da ita a kasuwa: 720,720. Ba ta kai miliyan ba, amma tun daga mutum biyu har sha shida duk tana raba su daidai, kuma lambobi 240 ne ke shiga cikinta, babu wata ƙasa da ita da ta kai haka. Irinta ne masanin lissafin nan na Indiya, Ramanujan, ya yi wa nazari a 1915. In kuma taurin kai ake nema, cire naira 17 daga miliyan. Abin da ya rage, 999,983, ba ya rabuwa da komai sai ɗaya da kansa.

Matsalar ta girmi naira. A zamanin wuri, keso ɗaya 20,000 ne, shi ma biyu da biyar zalla. In uku suka raba, kowa 6,666, wuri biyu su yi saura.