Gudan Jini Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa jefa ƙugiya rijiya don ciro guga ya san aikin da hannu ke yi ido bai gani ba. Irin wannan aiki ne likitoci ke yi a yau cikin kan ɗan Adam. Galibin shanyewar ɓarin jiki gudan jini ke haddasa ta, watau ya toshe jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa. Sai likita ya zura siririn bututu ta jijiyar cinya, ya bi da shi har cikin ka, ya buɗe wata 'yar ragar waya a jikin gudan, sa'an nan ya jawo. Hanyar ta samu karɓuwa tun 2015, bayan gwajin MR CLEAN da aka yi wa majiyyata 500 a ƙasar Holan.

Kawuna ya shekara shida a kwance da wannan cuta, shi ya sa ba na iya karanta labarinta da sanyin zuciya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sa'ad da likita ke ja, ba ya ganin gudan, inda rinin da ya ɗura ya tsaya kurum hoto ke nuna masa. Gudan kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai ja mai taushi, wanda kan gutsure, ɓarɓashinsa ya wuce ƙananan jijiyoyin da waya ba ta kaiwa. Akwai fari mai tauri kamar ganda, wanda kan cije ya ƙi motsi. Ga shi an ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa kowane minti.

To, a nan kwamfuta ta shigo. A 2017 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin INSIST, wanda aka jagoranta daga Amsterdam, da injiniyoyin Milan a ciki. Sukan ɗauki hoton jijiyar majiyyaci, su gina kamanninta cikin na'ura da duk lanƙwasarta, su yayyanka ta da gudan da ragar zuwa dubban gutsattsari, kowanne da lissafin taurinsa. Sa'an nan a ja. Mai kallo sai ya ga yadda ragar ke tsukewa a kwana mai tsanani har ta saki abin da ta kama. A sake wata raga, a sake ja, sau ɗari in an so, ba a taɓa ran kowa ba. Wannan kam ya burge ni ainun.

Sai dai, mai karatu, na'ura ba ta san kome ba sai abin da aka faɗa mata. Taurin gudan da take lissafi da shi an auno shi ne daga wanda aka daskarar da jinin dabbobi, kamar tumaki, da kuma wanda aka ciro daga kan majiyyata. Wanda ya gagari ragar fa, wanda shi muka fi bukatar sanin halinsa, yana can inda ya maƙale, ba wanda ya ɗora shi a ma'auni.