Toshe Kunne da Amsa Sallama

Lokacin da nake yaro a Isa, duk wanda ya dawo daga cin rani da rikoda ya san ba tasa ba ce shi kaɗai. Bayan sallar isha'i akan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a yi karo-karon kuɗin batir, a sa kaset ɗin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Dattawa su yi ta warware mana zambo da habaici, wani lokaci gardama ta kaure a kan kalma guda. Ina kyautata zaton a kan wannan tabarma sha'awar nazarin harshe ta kama ni.

A shekarar 2023 na tarar da ɗan ƙanwata zaune cikin motar Sabon Birni. Na yi sallama sau biyu, bai ko ɗago kai ba. A wurin Bahaushe sallama rabin magana ce, amsa ke cika ta. Wanda ya bar ta a rataye, ɗayan uku ake ɗaukarsa: kurma, ko mai gaba, ko mai girman kai. Al'ada ba ta tanadi gurbi na huɗu ba, wato na mutumin da ya ba wayar salula aron kunnensa. Nan take na jefa yaron cikin na uku. Ga kuma wata damuwar: a ƙasar da 'yan bindiga suka addaba, ƙarar babura kan riga ganinsu isowa, don haka kunne ma mai gadi ne.

Ba mu muka fara wannan fargaba ba. Walkman ta farko da kamfanin Sony na Japan ya fitar a 1979 tana da kafar sauraro biyu, domin mutum biyu su ji tare, kada mai ita ya zama saniyar ware. Masu saye suka nuna sun fi son kaɗaici.

Da yaron ya ankara sai ya fizge igiyar, ya russuna: "Kawu, a gafarce ni, wallahi ban ji ba." Ya miƙo mini kunne ɗaya. Ashe Narambaɗa yake saurare! Muka haɗa kai, yana tambaya ina warware masa. Can a hanya wani dattijo ya shigo motar ya yi sallama. Sai da yaron ya zungure ni sannan na amsa.