Minamata, garin masuntan da ke kallon ƙofar masana'anta

Mai karatu, idan wata rana tafiya ta kai ka kudancin Japan, tsibirin Kyushu, ka hau jirgin ƙasa mai gudun nan daga birnin Kumamoto ka nufi kudu. Cikin kusan rabin awa za ka sauka a sabuwar tashar Minamata da aka buɗe a 2004 a bayan gari. Kada ka tsaya nan. Ka nemi ƙaramin jirgin da zai ƙarasa da kai tsohuwar tashar da ke cikin gari, domin abin da nake so ka fara gani yana can. Kana fitowa daga tashar, babbar ƙofar wata masana'anta ce za ta tare ka, ita da tashar suna kallon juna. Tun kafin ka tambayi kowa, ka san wanda ya daɗe yana riƙe da garin.

Minamata ƙaramin gari ne a jihar Kumamoto, dab da iyakarta da Kagoshima. Duwatsu da daji sun cinye mafi yawan ƙasarsa, mutane sun taru a 'yar siririyar gaɓa tsakanin tsauni da ruwa. Ruwan kuwa shi ne tekun Shiranui, teku mai kwanciya wanda tsibirai suka kewaye kamar babban tafki. An ce ya samo sunansa daga wasu fitilu da ake hangowa a kansa da dare, waɗanda mutanen da ba su san asalinsu ba. A tsakiyar shekarun 1950 mutanen garin sun kai kimanin 50,000. Yau ba su cika 25,000 ba, kuma tsofaffi sun yi yawa a cikinsu.

Da can, kamun kifi da dafa gishiri da 'yar noma su ne sana'ar wurin. A ƙauyukan bakin ruwa irin su Tsukinoura da Yudo da Modo, masunci ba ya da gona mai yawa, shinkafa ma ba kullum ba. Abincinsa na safe da rana da dare shi ne abin da ya fito daga ruwa. Mata da yara kan tsinto ƙananan halittun ruwa masu ɓawo a kan duwatsun gaɓa idan ruwa ya janye. Ka riƙe wannan a zuciyarka, domin shi ne dalilin da ya sa talakawan bakin ruwa suka fi kowa jin jiki.

A 1908 aka kafa masana'antar da daga baya aka san ta da sunan Chisso. Ta fara da takin zamani da makamantansa, ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sinadarai na Japan. Ƙauye ya zama gari a dalilinta. An yi lokacin da kusan rabin harajin da hukumar garin ke tarawa daga kamfanin da ma'aikatansa yake fitowa. Babban asibiti nata ne, kuma wani tsohon manajanta ya zama magajin gari. Yaron da ya samu aiki a ciki, iyayensa sun huta.

A 1932 ta fara yin wani sinadari da ake buƙata wajen haɗa kayan roba, kuma a cikin aikin ana amfani da zaiba, wato makuri, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki. A cikin tukwanen masana'antar wani ɓangare na zaibar kan rikiɗe ya zama nau'in da ke shiga jikin mai rai ya zauna. Ruwan dattin kuwa ana tura shi ta magudana zuwa mashigin ruwan Minamata. Ƙananan halittu su sha, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, gubar tana ƙara taruwa a kowane mataki. Kifin ba ya wari, ɗanɗanonsa bai canja ba, dafuwa ko gashi ba sa raba shi da ita.

Kyanwoyi ne suka fara nunawa. A farkon shekarun 1950 aka riƙa ganin su suna tangaɗi, suna juyi kamar masu rawa, wasu su faɗa ruwa su mutu. Hankaki na faɗowa daga sama, kifi na tasowa a mace. A watan Afrilun 1956 aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyar asibitin kamfanin, ba ta iya tafiya daidai, maganarta ta harɗe, tana jijjiga. Ba a jima ba aka kawo ƙanwarta da irin wannan ciwo. Ranar 1 ga Mayu, 1956, shugaban asibitin, Dakta Hajime Hosokawa, ya sanar da hukumar lafiya cewa wata cuta da ba a san ta ba mai taɓa ƙwaƙwalwa ta ɓulla. Alamominta su ne hannu da ƙafa da leɓe su mace, mutum ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa, ji ya ragu, gani ya ƙuntata kamar mai leƙe ta cikin bututu. Masu tsananin ciwo kan mutu cikin makonni.

A nan ne labarin ya fi yi mini nauyi. Da farko an ɗauka annoba ce mai yaɗuwa. Aka killace marasa lafiya, aka fesa wa gidajensu magani a idon maƙwabta. Wasu masu kanti suka daina karɓar kuɗi daga hannunsu kai tsaye, aka fasa aurarraki. Da aka gane kifi ne, sai ƙyamar ta canja kama. Masunci na tsoron a ce an samu mai ciwo a ƙauyensu kifinsu ya ƙi sayuwa, don haka akan matsa wa iyali su ɓoye nasu. Ma'aikacin masana'anta kuma yana ganin duk mai neman diyya so yake ya rufe wurin da 'ya'yansa ke ci. Kada ka yi saurin zagin mutanen nan. Kowannensu tukunyar gidansa yake karewa, kuma sau da yawa mai ciwon da ma'aikacin dangin juna ne.

A 1959 masu bincike na Jami'ar Kumamoto suka nuna cewa zaiba ce sanadi. A shekarar ce kuma Dakta Hosokawa ya riƙa zuba ruwan dattin masana'antar a abincin wata kyanwa mai lamba 400, ta kamu da ciwon. Kamfanin bai bayyana wannan sakamako ba. Kafin nan ma, a 1958, an karkatar da magudanar zuwa bakin kogin Minamata, sai gubar ta bazu cikin tekun Shiranui. A watan Nuwamban 1959 masunta suka kutsa cikin masana'antar da fushi. A ƙarshen shekarar aka ƙulla yarjejeniyar kuɗin jaje: yen 300,000 ga wanda ya rasu, yen 100,000 a shekara ga babba mai ciwo, yen 30,000 ga yaro, da sharaɗin ba za su sake neman komai ba ko da an tabbatar laifin kamfanin ne. A lokacin yen 360 ne dala ɗaya. Ka lissafa da kanka, ran mutum bai kai dala 900 ba. Sai a 1968 aka daina wannan aikin mai zaiba, kuma a watan Satumbar shekarar gwamnati ta amince a hukumance da sanadin, shekara 12 bayan rahoton farko. A 1973 kotu a Kumamoto ta ba marasa lafiya gaskiya, a 2004 kuma kotun ƙoli ta ce gwamnatin ƙasa da ta jiha ma suna da alhaki.

Uwargida, wannan ɓangaren naki ne. A ƙauyukan an riƙa haihuwar yara da ba sa iya riƙe wuya, ba sa magana, gaɓoɓinsu a murɗe, alhali ba su taɓa sa kifi a baki ba. Likitocin zamanin sun yi imani cewa mahaifa na tace guba ta kare ɗan tayi, saboda haka suka ce wani ciwo ne daban. Iyaye mata ne suka fara cewa ciwon ɗaya ne, domin sun lura cewa su da suka ci kifin jikinsu da sauƙi, jaririn ne ya kwashe. Wani matashin likita, Masazumi Harada, ya saurare su, ya bi gida gida yana duba yaran, kuma a 1962 aka tabbatar da maganarsu. Akwai wata al'ada ta Japanawa da ta taimaka daga baya: idan cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, sai uwa ta adana ta a ɗan akwatin katako. Masu bincike suka roƙi iyalai waɗannan busassun cibiyoyi suka auna zaibar da ke ciki, sai ga shi tana hawa tana sauka daidai da yawan aikin masana'antar a shekarun da aka haifi yaran. Abin da uwa ta ajiye don ƙauna shi ya zama shaida.

To yau da me garin ke rayuwa? Daga 1977 zuwa 1990 aka yashe lakar da ke ƙasan mashigin, aka tara ta wuri guda aka binne, aka samu sabuwar ƙasa mai kimanin hekta 58. A kanta aka yi filin shaƙatawa da lambun furanni da filayen wasa. Ragar da aka shinge mashigin da ita tun 1974 don kada kifinsa ya fita, an cire ta a 1997 bayan gwamna ya bayyana cewa kifin ya zama lafiyayye. Masuntan da suka rage suna kama wasu 'yan mitsi-mitsin fararen kifaye da ake tafasawa a shanya, da wani dogon kifi mai sheƙi kamar takobi. Wasu iyalan da ciwon ya raba da teku sun hau gangaren duwatsu suna noman lemo, kuma da gangan suka rage feshin magani, don kada wanda aka cuta ya koma mai cutar wani. Ana noman albasa mai zaƙi da ake ci ɗanya, da ganyen shayi a kan tudu. Akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi a Yunoko ta bakin teku da Yunotsuru ta cikin duwatsu, inda baƙi ke kwana. Masana'antar ma tana nan, tun 2011 da sunan JNC, tana yin sinadaran allon talabijin da makamantansu, kuma daga ribarta ake biyan diyya. Har yanzu tana cikin manyan masu ba da aiki. Matasa dai tafiya suke yi manyan birane, kamar a sauran ƙananan garuruwan Japan.

Idan ka dace da ranar kwashe shara, ka tsaya ka kalla. Tun 1993 mutanen garin ke rarraba shararsu da hannunsu, kashi ashirin ko fiye, kwalba ma kowane launi da kwandonsa. Tsoho da ɗan makaranta suna tsaye wuri guda suna aikin. A ganina amfanin abin ya wuce tsafta, domin ya sake haɗa maƙwabtan da suka shekara da shekaru ba sa gaisawa. Suna da kalma ga wannan gyaran zumunci, moyai naoshi, wato sake ɗaure kwale-kwale da ɗan'uwansa. A 1994 magajin gari Masazumi Yoshii ya tsaya a taron tunawa ya nemi afuwar marasa lafiyar.

Sunan garin ne aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka amince da ita a 2013, wadda Najeriya ke cikinta. Abin ya shafe mu ta hanya biyu: masu haƙar zinare a ƙauyukanmu da ke kama shi da zaiba su ƙone ta su shaƙi tururin, da wasu mayukan bilicin da ake sa wa zaiba, waɗanda mai ciki da mai shayarwa ke shafawa. Ban ce ka bar cin kifi ba. Japanawa ba su bari ba, sai dai hukumarsu na shawartar masu ciki su taƙaita cin wasu manyan kifayen teku da suka fi tara ta.

Kafin ka bar garin ka shiga gidan tarihin cutar da ke kan tudu a gefen filin, inda waɗanda abin ya shafa ke zama su ba 'yan makaranta labarinsu da bakinsu. Waɗanda aka amince a hukumance suna da cutar a wannan yanki dubu biyu ne da 'yan ɗaruruwa, dubun dubata sun karɓi wani tallafi ba tare da wannan amincewa ba, wasu kuma har yanzu suna kotu. Daga nan ka gangara bakin ruwa, inda aka jera ƙananan gumakan dutse suna fuskantar teku, kuma ake taron tunawa duk ranar 1 ga Mayu. Wataƙila ka ci karo da wani a keken guragu ana tura shi. Yaran nan da aka haifa da ciwon sun haura shekara sittin yanzu, kuma iyayen da suka yi ta goyon su zuwa asibiti da kotu yawancinsu sun rasu.