Titin Gidan Zoo: Ɗakin Da Ake Tace Fim

Duk wanda ya biyo Titin Gidan Zoo a Kano da yamma, abin da zai fara gani shi ne 'yan wasa da furodusoshi zazzaune a ƙofar ofisoshi ana ta hira, ga samari sun yi cirko-cirko suna jiran ganin jarumai. Amma fa sai an hau bene, an tura ƙofar wani ɗan ɗaki mai labule, sannan za a tarar da mutumin da fim ke kwana a hannunsa. Yana gaban kwamfuta, darakta na gefensa yana cewa, "Yanke nan, malam." Shi ne edita. A baki 'yan fim kan kira aikinsa editin, a jerin sunayen ma'aikatan fim kuwa akan rubuta "tacewa".

Kalmar daga madafa ta fito. Yadda uwargida ke tace ƙullun koko ta fitar da dusa ta bar gasara, haka edita ke yi wa abin da aka ɗauko a lokeshin. Fitowa ɗaya akan maimaita ta sau da dama, shi zai zaɓi mai kyau, ya jera labarin, ya daidaita sauti. Waƙa kuwa tun kafin ɗauka ake rera ta a situdiyo, don haka shi ke haɗa bakin jaruma da muryar mawaƙiya.

Lokacin da Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a 1990, zamanin kaset ne. A shekarun nan da na'urorin bidiyo ake tacewa, daga wannan kaset zuwa wancan, kuma duk kwafi sai hoto ya ƙara dishewa. Zuwan kwamfuta ne ya kawo sauƙi.

Sai dai a kula, tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kalmar ta zama mai harshen damo. Tacewar edita gyara ce, ta hukuma kuwa dubawa ce ko fim ya dace da addini da al'ada. In hukuma ta ce a cire wani wuri, ɗakin nan dai ake dawowa.

Don haka, mai karatu, in fim ya ƙare kada ka yi saurin tashi. Tsaya ka karanta sunan wanda ya tace.