Baƙo Mai Saukar Baƙi a Birnin Alƙahira

Alƙahira, wadda mazaunanta tare da na garuruwan da suka manne da ita sun haura miliyan 20, tana cikin biranen da Bahaushe ya daɗe da sanin hanyarsu, domin tun kafin zamanin jirgin sama alhazai da ɗaliban ilmi daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa ta, wasu su wuce Makka, wasu kuma su yada zango na shekaru a gaban malaman Azhar. Wannan hanya ba ta mutu ba har yau, kuma ɗalibin da ya kwana biyu a birnin yakan wayi gari shi ne masaukin duk wanda ya zo daga gida, ko neman magani ya kawo shi, ko fatauci, ko ziyara. Irin wannan nauyi ne ya hau kan wani Bakano ɗalibin Azhar, mazaunin Hayyul Ashir, wato unguwa ta goma ta Madinatu Nasr inda baƙi 'yan Afirka suka yi yawa, sa'ad da abokansa biyu na ƙuruciya suka sauka a wurinsa cikin hunturu, ɗaya ɗan kasuwar Kantin Kwari, ɗaya kuma malamin makarantar ilmi wanda bai taɓa fita Nijeriya ba.

Ranar farko ta tafi a Giza, domin baƙon Masar ba ya samun natsuwa sai ya ga dalar Fir'aunoni da idonsa. Babbar cikinsu, wadda aka gina wa sarki Kufu shekara fiye da 4,500 da suka wuce, asalin tsawonta ya kai mita 146, kuma da ɗan kasuwar ya tsaya a gindinta abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne dalar gyaɗa ta Kano da iyayensa suke ba da labari, sai dai wannan kowane tubalinta ya fi ƙarfin ingarman raƙumi. Aikin mai masauki a nan bai wuce na garkuwa ba: shi ne mai sayen tikiti, wanda kuɗinsa ga baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, shi ne kuma mai yin ciniki da masu raƙuma da dawakai tun kafin a hau, saboda ya san cinikin da aka bari sai an sauka ba ya ƙarewa da daɗi. Daga can suka nufi gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a shekarar 2021, kuma a gaban gawar Ramsis na Biyu sai da ya yi wa abokansa bayani cewa masana sun saɓa a kan wane Fir'auna ne ya yi zamani da Annabi Musa, don haka ba daidai ba ne a nuna gawa ɗaya a yanke hukunci.

Harshe shi ne abin da ya fara girgiza malamin. Mutum ne da ya sha nahawu da balaga, amma direban tasi na farko da ya yi wa magana da Larabcin littafi, wanda ake kira fusha, sai ya amsa masa da ammiyya, wato Larabcin kasuwa na Misirawa, inda harafin jimun yake komawa "ga", ƙafun kuma ya zama hamza, har malamin ya kasa kama ko jimla ɗaya. Abinci kuwa bai ba su wahala ba, domin bayan kushari, wanda haɗin shinkafa ne da adas da taliya da soyayyar albasa, sun tarar da abubuwan gida sanye da sunayen aro: mulukiyya ita ce lalo, karkade shi ne zoɓo, tamar hindi tsamiya ce, kuma har goriba ake jiƙawa ana sayarwa a shagunan abin sha.

Sai a rana ta biyu, a masallacin Azhar, tafiyar ta sauya kama. Jauhar Siƙilli, kwamandan Faɗimiyawa da ya kafa birnin a 969, shi ne ya aza harsashin masallacin a 970, aka kammala shi a 972, kuma ɗaruruwan shekaru ɗalibansa suna zaune ne a ruwaƙai. Ruwaƙi wani sashe ne na masallacin da a wancan zamani ake keɓe wa mutanen ƙasa ɗaya, a nan suke kwana, a nan suke ajiye littattafansu, kuma daga wakafin da aka tsayar masa ake ba su gurasa. Cikin waɗannan akwai ruwaƙin Barnawa, akwai kuma na mutanen Tukururu, sunan da Larabawa suke kiran ƙasashen Afirka ta Yamma da shi. Mai masaukin ya shekara shida yana ratsa wannan farfajiya ta farin marmara a kan hanyarsa ta zuwa darasi, amma malamin ne ya tambaye shi inda mutanen Barno suka zauna, shi ne kuma ya tuna masa da makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka ba da dukiyar gina ta a Fusɗaɗ a ƙarni na 13 domin karatun fiƙihun Malikiyya, da kuma saukar Mansa Musa a 1324, wanda ya raba zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar birnin. A nan ya bayyana cewa sanin da mazaunin gari yake yi wa gari daban ne da sanin mai littafi: shi ya san motar da ke zuwa unguwar Darrasa, da gidan gurasar da ke buɗewa kafin asuba, da layin da ake bi wajen sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, alhali baƙon da bai san gabas da yamma ba a birnin ya zo da taswirar mutanensa a ƙirji.

Saboda haka ranar ta uku malamin ne ya tsara ta, mai masauki ya koma ɗan jagora. Suka wuce masallacin Sarki Hasan, wanda aka fara ginawa a 1356 da makarantu huɗu na mazhabobi huɗu a kusurwoyinsa, suka gangara Ƙarafa, babbar maƙabartar da ta shimfiɗu a gindin dutsen Muƙaɗɗam, inda rayayyu suke zaune da iyalansu a tsakanin kaburbura saboda ƙuncin muhalli. A can ne ƙubbar Imam Shafi'i take, wanda ya rasu a 820, a can kuma aka binne Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik wanda amsoshinsa ne ginshiƙin littafin Mudawwana. Amma inda malamin ya fi daɗewa shi ne kabarin Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ɗaya daga cikin Jalalai biyun da suka rubuta tafsirin da ake karantawa kowane watan azumi a masallatai da zaurukan ƙasar Hausa, kuma wanda ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas na zamaninsa. Wurin ba shi da ado, ƙurar titi ta lulluɓe shi, masu yawon buɗe ido ba su san da shi ba, amma mutumin da ya shekara ashirin yana jan baƙi da fassarar Jalalaini ya tsaya a nan yana addu'a hawaye na zuba, ya juyo ya ce wa mai masaukinsa: "Malam, ashe kullum a kusa da shehinmu kake kwana." Abin damuwa ne ƙwarai cewa a 'yan shekarun nan an rushe sassan wannan maƙabarta domin shimfiɗa tituna da gadoji, domin abin da ake rushewa ba tarihin Misirawa kaɗai ba ne.

Akwai kuma fuskar birnin da mai masauki ya so ɓoyewa bai samu iko ba. A wata kwana kusa da unguwar Ataba wasu samari suka bi su da kiran "samara", kalmar da ake jifan baƙar fata da ita, ɗan kasuwar ya harzuƙa zai tanka, mai masauki kuwa ya riƙe hannunsa ya ce: "Alhaji, ƙyale su, mu wuce." Da dare ya gaya musu gaskiya cewa irin wannan ba baƙon abu ba ne gare shi, kuma yana ci masa rai, amma ya ƙara da labarin tsohuwar da ke ƙasan benensu wadda take aiko masa da buɗa-baki duk azumi, domin ba ya so su koma gida da rabin labari, ko mai daɗin ko mai ɗacin.

Ranar ƙarshe ta kasuwa ce. Ɗan Kwari ya kutsa kasuwannin Muski da Khan Khalili yana shafa yadi da abaya yana kwatanta farashi da na Dubai da Sin, malamin kuwa ya ɓace a Darbul Atrak, lungun masu sayar da littattafai da ke bayan Azhar, ya fito da sharhohin Muhtasar na Halil, wanda shi ma a wannan birni ya rayu, har sai da aka sayo ƙarin jaka. Da yamma suka hau faluka, wato jirgin ruwa mai filafilai na zani, suka yi shawagi a kan Nilu, kiran sallar magariba yana tasowa daga gaɓa biyu a lokaci guda. Bayan ya raka su filin jirgi ya ga shigarsu, mai masaukin ya koma Hayyul Ashir da kilishi da yajin da suka kawo masa, kuma ranar Juma'ar da ta biyo baya ya shiga motar da ke zuwa unguwar Sayyida A'isha shi kaɗai, da takarda a aljihu ɗauke da sunayen malaman Malikiyya da abokinsa ya rubuta masa, domin ya nemo kaburburan da lokaci bai bar su sun kai gare su ba.