Salansar Boksin Gari



Mu da aka ɗora wa riƙon littafin majalisar dattijonmu, shekara ashirin da 'yan kai ke nan muna rubuta abin da aka zartar a zaure: sulhun aure, iyakar gona, rabon gado, kuɗin gyaran masallaci. Da muka komo gida bayan watannin gudun hijira, muka kakkaɓe ƙurar littafin, sai muka tarar da shafi bakwai cur na shekarar 2021 a kan magana guda: bututun hayaƙin mota, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira adim, 'yan'uwanmu na Kano kuma suke ce masa salansa. Mai karatu zai ce ina ruwan zauren dattawa da salansa. Mu ma haka muka ce a lokacin, kafin ta kusa cin rai uku.

Garinmu yana gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakanninmu da ƙafa da jaki suka iso nan. Mu jikoki muna da mota ɗaya ta gari, Toyota Hilux, irin wadda kowa a Sudan ke kira boksi, mai injin fetur 22R, silinda huɗu, lita 2.4. Da karo-karo aka saye ta, har tsofaffin mata masu sayar da ƙuli-ƙuli sun sa nasu. Ita ke kai albasa da kifi kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko gawa. Amana ce a wuyan majalisa, kuma mu ne masu lissafinta.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin injin ba, ga yadda abin yake. Kowace silinda tana da ƙofar da take fitar da hayaƙi bayan mai ya ƙone. A bakin ƙofofin nan huɗu akwai wani dunƙulen baƙin ƙarfe na zubi, mai baki huɗu, da ke tattara hayaƙin ya miƙa shi ga dogon bututu, daga nan ya ratsa tukunyar da ke kashe ƙara, ya fita ta baya. Mu kira wannan dunƙule matattara. Idan mota ta ɗauki kaya tana jan jiki, zafin hayaƙin da ke bi ta cikinsa kan haura digiri 700. Yau ya yi zafi, gobe ya huce, shekara da shekaru, har ranar da zai tsage.

Namu ya tsage a bazarar 2021. Sai mun faɗi laifinmu tukuna kafin mu faɗi na kowa: mu ne muka ba da shawarar a yi walda, don mun dubi asusu mun ga ta fi araha. Ba mu san cewa ƙarfen zubi ba ya karɓar walda irin ta ƙofar gida ba. Sai an gasa shi gaba ɗaya, a yi amfani da sandar walda ta musamman, sannan a binne shi cikin yashi ko toka ya huce a hankali. Wanda muka kai wa bai yi ko ɗaya ba. Bayan wata guda ya sake tsagewa, muka sake biya, ya sake tsagewa. Araha dai ba ta ado.

Wani dare cikin damina aka ɗauki wata 'yarmu mai naƙuda da mahaifiyarta a gaba, kusa da direba. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, aka rufe gilasai ruf. Hayaƙin da ke tsiyaya daga tsagar ya bi ta ramukan da wayoyi ke wucewa ya cika musu wuri. Cikin hayaƙin mota akwai iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, sai dai mutum ya ji kai na sara, ido na lumshewa. Kafin su isa Sinnar uwar tana amai, direba yana ganin hanya bibbiyu. Allah ya kiyaye, aka sauka lafiya. Amma da gari ya waye dattijo ya ce a tara jama'a.

Direbanmu matashi ne da ya yi shekaru yana tuƙi a Jidda. Ya durƙusa ya miƙa wa dattijo wayarsa, ya ce: "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ga abin da masu motocin gudu ke sawa. A jefar da wannan dunƙule, a sa bututai huɗu masu walƙiya su haɗu wuri guda, a bi su da bututu mai faɗin inci uku, a cire tukunya. Injin zai yi numfashi, kuma tun daga bakin kogi za a san motar garinmu ce tafe." Zaure ya ɗauki dariya. Wani tsoho ya ce abin da maƙerinsa ya ƙera, wane ne mu da za mu sāke shi.

Dattijo ya yi shiru har dariyar ta lafa, sannan ya tambayi tsohon: "Malam, a wace mota ka fara zuwa Gadarif?" Ya ce a Sifinja. Kowa ya gane inda aka dosa. Sifinja ita ce babbar motar nan Bedford TJ da aka fara ƙerawa a Ingila a 1958, wadda mutanen Sudan suka raɗa wa sunan silifas ɗin soso saboda taushin tafiyarta. Maƙeran ƙasar nan ba su bar ta yadda ta zo ba. Sukan wargaza ta, su tsawaita ƙashin bayanta, su ƙara mata sifirin, su sake ɗinke ta, ta ɗauki kayan da masu ita ba su taɓa mafarki ba. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci tun 1986, Sifinja kuwa ta ci gaba da ratsa yashi da laka. Dattijo ya ce: "Sāke mota gadon ƙasar nan ne. Sai dai waɗancan maƙera sun fara duban hanya da kaya kafin su ɗauki guduma. Ɗana, kai da malam ku tafi Wad Madani ku tambayo masu sani."

A unguwar masana'antu ta Wad Madani muka sami wani usta, tsoho mai hannu kamar fatar kada. Ya dubi hoton, ya ce yaron bai yi ƙarya ba. Hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fitowa, silinda bayan silinda: ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, ta biyu. Idan kowace tana da bututunta, tsayinsu ɗaya, to kowane bugu da ya wuce yakan bar wani ɗan gurbi a bayansa da ke janyo hayaƙin mai bi masa. Silinda ta fi wankuwa, sabon mai da iska su fi samun wuri. A dunƙulen zubi kuwa hayaƙin yana cin karo da juna. Direba ya dube mu yana murmushi.

Usta ya ce masa: "Dakata, ɗana. Iri biyu ne. Wanda ka nuna, huɗu ne suke zubawa wuri guda, amfaninsa yana fitowa ne sa'ad da injin ke ihu a kan kwalta miƙaƙƙiya. Akwai wani kuma da ake aurar da ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku, sannan biyun su haɗe. Wannan shi ke ba da ƙarfin ja tun injin yana ƙasa-ƙasa. A ina motarku ke kwana, a filin tsere ko a cikin baƙar laka?" Duk wanda ya taɓa ganin boksi ya kafe a ƙasar nan cikin Agusta ya san amsa.

Game da faɗin bututu, sai ya kawo misalin da ya zauna mana. Ya ce tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 manoman Jazira suka san cewa ruwan Abu Sitta idan ka sake shi a faɗin Abu Ishirin, gudunsa mutuwa yake, ya kwanta ya tara laka. Haka hayaƙi yake. Bututun inci uku ya fi ƙarfin injin lita 2.4, inci biyu ko biyu da kwata ya wadatar. Ya ce a dubi kaurin ƙarfen, kada ya gaza milimita ɗaya da rabi, farantin da ake ɗaurewa a jikin injin kuma ya kai milimita goma, in ba haka ba zafi zai lanƙwasa shi, a koma gidan jiya. Ƙarin ƙarfin ma, in ji shi, kaɗan ne, kuma sai an sake saita kafireta. Tukunya kuwa a bar ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saura maganar shafe, wadda ita ce ta fi ba mu mamaki. Siririn bututu ya fi dunƙulen zubi watsa zafi cikin ɗakin injin, ga shi a Afirilu da Mayu zafin garinmu kan wuce digiri 40. Wayoyi sukan ƙeƙashe, robobi su tsage, fetur ya tafasa cikin bututunsa mota ta mutu a tsakiyar hanya. Usta ya jera mana hanyoyi huɗu. Shafen kurom mai walƙiya ado ne kawai, cikin 'yan kwanaki zai rine ya yi shuɗi, ba ya tare zafi. Fenti mai jure zafi yana da araha, yana hana tsatsa na ɗan lokaci, amma ɓarewa yake, sai an riƙa sabuntawa. Naɗin ƙyallen zaren gilashi yana tare zafi ƙwarai, sai dai yana shan ruwa da laka ya riƙe, ƙarfe ya ruɓe a ƙarƙashinsa ba a gani ba, idan kuma mai ya ɗiga ya jiƙa shi ya zama lagwani. Na huɗu shi ne shafen tangaram, wanda ake fesawa ciki da waje bayan an kankare ƙarfen tas da yashi, a gasa a tanda. Shi ke riƙe zafi cikin bututu, ya kuma tsare ƙarfe daga tsatsa. Tsada gare shi, kuma ba aikin gindin bishiya ba ne.

Muka komo muka karanta wa majalisa. Aka zartar: bututai masu aure biyu-biyu, na ƙarfe mai kauri, masu shafen tangaram, tukunya kuma tana nan daram. Wani ɗanmu da ke aiki a Jidda ya saya ya aiko ta jirgin ruwan Sawakin. Kuɗin ya ninka na waldarmu sau da yawa, mu muka rubuta adadin da hannunmu, muna jin kunya. Direba ya sami rabin abin da ya nema, ya yi kwana biyu yana cin magani, domin boksin ta fito da murya ƙasa-ƙasa kamar ta mai jan carbi.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afirilun 2023. Wad Madani ta faɗi a Disamba, usta ya rufe wurinsa ya nufi Gadarif. A ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta faɗi, hanyoyi suka cika da masu bindiga, kuma ba abin da suka fi nema irin boksi. Dare uku direbanmu yana kwasar tsofaffi da marasa lafiya zuwa mashigin kogi inda masuntanmu ke jira da jirage, ba fitila, injin yana ƙasa-ƙasa cikin lakar farkon damina. A dare na uku, da ya sauke dattijo, ya riƙe hannunsa ya ce: "Baba, da an cire tukunyar nan, da tun daren farko an ji mu." Dattijo ya ce: "Da kuma an bi ta malam, da hayaƙi ya kashe mu kafin su ji mu." Muna tsaye a wurin, ba mu ce uffan ba.

Kafin asuba aka tura motar cikin wani kango. Direba ya hana a rufe ta sai da bututan suka huce sarai, domin ƙarfe mai zafi da busasshen kara gobara ce. Aka cire batir da tayoyi, aka lulluɓe ta da zana da ragowar karan dawa, muka haye.

Bayan sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamban 2024, da Wad Madani a Janairun 2025, muka fara komowa. Motar ta ci damina guda cur a ƙarƙashin ruɓaɓɓen kara. Ɓeraye sun cinye wayoyi. Dogon bututun baya, wanda fenti kawai muka shafa masa, ya zama kamar rariya. Bututan nan huɗu kuwa suna nan, in ban da wuri ɗaya da sifana ta taɓa ƙwarzane shafen ranar ɗaurawa, nan tsatsa ta sami ƙofa ta shiga.

Yanzu garuruwanmu da dama suna tono motocin da suka ɓoye, kuɗi kuma ya yi ƙaranci, 'yan kasuwa sun baza kaya masu ƙyalli. Ga abin da shafuka bakwai suka koya mana. Idan matattararku ta zubi lafiya lau take, ku bar ta, ta fi yawancin abin da ake tallatawa ƙarko. Idan ta tsage, kada ku yi tafiya da gilashi rufe ko da ta kwana ɗaya, kuma kada ku ba da waldarta ga wanda ba zai gasa ta ba. Idan za ku sāke, ku ɗauki bututun a hannu ku ji nauyinsa, ku auna farantinsa, ku tambayi kanku wace hanya motar ke bi kuma wa take ɗauka. Wanda bai da halin tangaram ya yi fenti, ya riƙa dubawa bayan kowace damina. Ku kuma saurari matasanku, don direbanmu ya riga mu gane cewa walda ba za ta riƙe ba.

Jaririn da aka haifa a wancan dare yanzu yana bin yayyensa makarantar allo. Allah ya raya shi, ya jiƙan waɗanda ba su komo ba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.